Ƙurajen fuska: haɗin kasuwa, man asibiti ko ƙwaya, wanne ya kamata a zaɓa?

Wanda ƙurajen fuska suka dama a Birnin Kebbi, Argungu ko Jega, da wuya ya fara da asibiti. Kyamis ɗin unguwa yake nufa, ko shagon masu kayan shafe-shafe, ko ya tambayi wata 'yar ajinsu da fuskarta ta yi sumul cikin mako guda. Abin da za a miƙo masa bai wuce kala huɗu ba: haɗin mai da ake cewa yana aiki nan take, man shafawa na asibiti, kafson kashe ƙwayoyin cuta, sai manyan magunguna da likita kaɗai ya kamata ya rubuta. An yi bincike a kan kowannensu, wasu tun fiye da shekara hamsin, kuma abin da binciken ya nuna ya sha bamban da abin da ake faɗa wa mutane a bakin kanta.

Ƙurjin da ka gani yau ya yi makonni yana haɗuwa a ƙarƙashin fata. Kowace ƙofar gashi tana da 'yar jakar da ke fitar da maiƙo. Da balaga ta zo, sinadaran homon suna sa maiƙon ya yi yawa, ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofar. Wata bakteriya da dama can tana zaune a fatar kowa, mai suna Cutibacterium acnes, sai ta sami wurin hayayyafa, wurin ya kumbura. Magani na gaskiya aikinsa hana na gobe fitowa, ba goge na yau ba. Hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin magani, a ƙa'idojin da ta fitar a 2021, ta ce a gaya wa mara lafiya sai ya yi mako shida zuwa takwas kafin ya fara ganin canji, kuma a ba magani mako 12 kafin a yanke masa hukunci. Manomin shinkafa a fadamar Argungu ba ya tuge dashe bayan kwana goma don bai ga zangarniya ba, amma haka muke yi wa maganin ƙuraje.

Man da ke aiki cikin kwana uku

Da shi zan fara domin ya fi kowanne kasuwa, ya kuma fi kowanne ɓarna. "Hajiya, wanga shi ka aiki, kwana ukku ki ga canji," in ji mai shago, kuma ba ƙarya ya yi ba, za a ga canjin. Man da ake haɗawa a roba babu suna, da wanda ake kira mai aiki uku, yawanci akwai sinadarin sitiroyid a ciki. Funbact-A na ɗauke da betamethasone, Skineal kuma da clobetasol. Magunguna ne na gaske, an yi su ne don wasu cututtukan fata masu ƙaiƙayi da kumburi, a shafa na ɗan lokaci a daina. Babu wata ƙa'idar likitocin fata da ta sa su cikin man shafawa na ƙurajen fuska.

Sitiroyid yana kwantar da kumburi da sauri, yana kuma haskaka fata, shi ya sa ake cewa mai ya karɓi mutum. Bayan wata ɗaya ko biyu sai wasu ƙananan ƙuraje masu kama da juna su feso a goshi da kumatu, har ƙirji da baya, waɗanda man ne da kansa ya haifar da su. Fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, wasu har nankarwa. Ranar da aka daina shafawa fuska ta yi zafi ta ɓarke da ƙuraje, sai a koma wa man da gudu, a ɗauka shi ne mafita alhali shi ne ciwon. Haɗin roba kuwa sau da yawa ana zuba masa hydroquinone, sinadarin bilicin, wani lokaci har makuri mai lalata ƙoda. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Mu da muke maƙwabtaka da Nijar da Benin, mayuka masu rubutun Faransanci da ba su da lambar NAFDAC ba su da wuyar samu a kasuwanninmu.

Wadda ta yi watanni tana shafa irin wannan, kada ta zaci da ta ajiye shi shi ke nan. Fuskar za ta yi tawaye na makonni, kuma a wannan lokacin ne ake buƙatar likita ya tsara yadda za a janye shi.

Benzoyl peroxide ko adapalene?

Nan ne zaɓin gaske yake ga mafi yawan mutane, wato masu ƙuraje kaɗan ko matsakaita. Na bar sunayen yadda suke a jikin kwali domin a gane su a kyamis.

Benzoyl peroxide yana kashe bakteriyar nan kai tsaye, kuma babbar falalarsa ita ce har yau bakteriyar ba ta iya bijire masa ba, duk daɗewar da aka yi ana amfani da shi. Ana samun sa da ƙarfin kashi 2.5, kashi 5 da kashi 10. Mai saye yakan ce a ba shi mafi ƙarfi, amma binciken da Mills da Kligman da abokan aikinsu suka buga a 1986, kan mutum 153, ya nuna mai kashi 2.5 yana rage ƙuraje masu kumburi daidai da mai kashi 5 da mai kashi 10, kuma bai kai mai kashi 10 sa raɗaɗi da saɓar fata ba. Ƙarin ƙarfin wahala kawai yake ƙarawa. Ya fi dacewa da jajayen ƙuraje masu ruwa. Aibinsa biyu ne: yana busar da fata, yana kuma cinye launin tufa. Hijabi, tawul da rigar filo duk za su yi dabbare-dabbare in ya taɓa su. Wannan ya sa wasu suke tsoron ko man bilicin ne, amma ba ya canza launin fatar mutum.

Akwai abin da ya shafe mu musamman, mu mutanen ƙasar zafi. A 2024 wani ɗakin gwaji a Amurka ya nuna cewa benzoyl peroxide yana iya rikiɗa ya fitar da benzene, sinadari mai jawo sankara, idan ya sha zafi. Hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta gwada kayayyaki 95, ta sanar a 2025 cewa shida ne kacal ta samu da yawan da ya wuce kima. Wannan bai isa a guje wa maganin ba, amma ya isa a ce kada a saye shi a shagon da rana ke dukan kaya, kada a bar shi cikin mota a watan Afrilu, a duba ranar ƙarewarsa, a ajiye shi inda ya fi sanyi a ɗaki.

Adapalene dangin bitamin A ne. Wansa tretinoin ya fito a Amurka a 1971, shi kuma a 1996, kuma tun 2016 ake sayar da mai kashi 0.1 a can ba tare da takardar likita ba. Aikinsa daban ne: yana hana ƙofar gashi toshewa tun daga tushe. Saboda haka ya fi ƙarfi a kan ƙananan gudaje marasa ciwo da baƙaƙen ɗigo a hanci da goshi, kuma shi ake ci gaba da shafawa bayan fuska ta warke don kada su dawo. Ya fi tretinoin sauƙi a fata. Makonnin farko da shi ba daɗi: fata tana saɓa, wani ma ya ga kamar ƙurajen sun ƙaru, kuma a nan ne mafi yawan mutane suke jefar da shi. A kyamis ɗinmu ya fi benzoyl peroxide wuyar samu.

In aljihu zai ɗauka, haɗa su biyun ya fi kowanne shi kaɗai, domin kowanne yana tare wata ƙofa daban. Akwai wanda aka haɗa a bututu ɗaya, Epiduo, kuma wannan haɗin yana cikin abin da NICE ta sa a sahun farko ga ƙuraje kowane iri. Wanda bai samu ba yana iya shafa benzoyl peroxide da safe, adapalene da dare. In kuwa ɗaya kawai za a iya saye, ni dai ra'ayina shi ne a dubi fuskar: jajaye masu ruwa, benzoyl peroxide; gudaje da toshewa da baƙin tabo, adapalene.

Yadda ake shafawa ya kusa kai zaɓin maganin muhimmanci. Gwargwadon ƙwayar wake ya ishi fuska duka, kuma ana shafa shi ne a duk yankin da ƙuraje ke fitowa, ba a kan ƙurji ɗaya-ɗaya ba. A fara da tsallake rana. In fata ba ta jure ba, a shafa a wanke bayan awa ɗaya har ta saba. Na dare ya fi kyau a bari sai bayan sallar isha'i, yadda alwala ba za ta wanke shi ba. Ita alwalar ba ta cutar da fuska. Abin da ke cutarwa shi ne dirza da soso da sabulu mai kaifi sau huɗu ko biyar a rana. Sau biyu da sabulu mai laushi ya isa. Lokacin hunturu kuwa dole a haɗa da mai mai sanyaya fata marar nauyi, in ba haka ba bushewar iska da ta magani za su taru su sa a daina.

Tabon ya fi ƙurjin damun mu

Yawancin manyan gwaje-gwajen nan an yi su ne a Turai da Amurka, inda ake ƙirga ƙuraje a ce magani ya yi aiki. A baƙar fata lissafin bai tsaya nan ba. Ƙurji yana warkewa cikin mako guda ya bar baƙin tabo na wata shida ko shekara, kuma tabon ne yake kai 'yan mata wajen masu haɗi. Duk abin da ya fusata fata yana ƙara shi: matsa ƙurji da farce, lemun tsami, man goge baki, har ma maganin kirki in an zabga shi da yawa. Wannan ne dalilin da ya sa na nace a kan kashi 2.5 da farawa a hankali.

A 2001 an buga wani bincike daga Afirka ta Kudu da aka yi a kan baƙar fata, ya nuna adapalene ya rage ƙuraje ya kuma rage duhun tabo cikin mako 12. Ba a gwada shi da wani magani a binciken ba, saboda haka hujjarsa ba ta kai ta sauran ƙarfi ba, amma ya yi daidai da abin da likitocin fata suke gani. Na uku a wannan sahu shi ne azelaic acid, mai kashi 20 ko 15. Bai kai waɗancan biyun suna ba, amma yana rage ƙuraje, yana dusashe tabo ba tare da ya yi bilicin ga sauran fata ba, kuma yana cikin 'yan kaɗan da likitoci ke yarda mai ciki ta shafa. Wanda yake yini a rana, a gona ko kan babur, tabonsa zai daɗe bai goge ba sai ya haɗa da man kariya daga rana ko malafa.

Kafso

Mutane da yawa sun yi imani abin da aka haɗiya ya fi abin da aka shafa. An gwada wannan. A 2004 mujallar Lancet ta buga gwajin da aka yi a Ingila kan mutum 649 masu ƙuraje kaɗan zuwa matsakaita, aka bi su mako 18. Cikin waɗanda suka sha oxytetracycline, kashi 55 cikin ɗari ne suka ce sun sami sauƙi a bayyane; masu shan minocycline, wanda ya fi tsada, kashi 54; masu shafa benzoyl peroxide kawai, kashi 60. Man da ya fi araha bai gaza ƙwayoyin ba.

Kafso yana da wurinsa: ƙuraje masu yawa masu kumburi, ko waɗanda suka bazu a baya da ƙirji inda hannu ba ya kaiwa. Doxycycline aka fi bayarwa. Sharaɗinsa shi ne kada a sha shi shi kaɗai, sai tare da man shafawa irin su benzoyl peroxide, kuma wata uku ne, in ya yi tsawo kada ya wuce shida. Abin da ake yi a nan, a sayi kati ɗaya a sha kwana biyar, a bari, a sake saye in biki ya matso, ba ya warkar da ƙuraje. Koya wa ƙwayoyin cuta jure magani kawai yake yi, kuma ranar da ciwo mai tsanani ya zo maganin zai iya ƙin ci. Fasa kafso a zuba garinsa cikin man shafawa ma duk layi ɗaya ne.

Doxycycline yana son ruwa cikakken kofi, kuma ba a kwanciya da an sha shi, domin yana iya maƙalewa ya ƙona maƙoshi. Mai azumi ya sha shi bayan buɗa-baki, ba da sahur ba in zai koma barci. Yana sa rana ta fi ƙona fata, maganin ƙarin jini da na ƙwannafi suna hana shi shiga jiki sosai, kuma ba a ba mai ciki ko ƙaramin yaro.

Tambayar da ba a yi wa mata a kyamis

Shin akwai yiwuwar ciki? A wurin da ake aure da wuri, kuma amarya kan sami ciki a shekarar farko, wannan tambaya ita ce ke raba magunguna gida biyu. Adapalene, tretinoin, doxycycline, spironolactone da isotretinoin duk ba na mai ciki ko mai neman ciki ba ne. Abin da ya rage mata shi ne azelaic acid da benzoyl peroxide, bisa shawarar likita. Amaryar da take son fuskarta ta yi kyau ranar biki ta fara magani wata uku ko huɗu kafin ranar. Gyaran jikin mako biyu ba ya warkar da ƙuraje, kuma a irin wannan gaggawar ne haɗin sitiroyid yake shiga hannu.

Matar da ta wuce ashirin, ƙurajenta a haɓa da muƙamuƙi, suna tashi in al'ada ta gabato, matsalarta ta homon ce, kuma akwai hanya biyu da aka gwada. Ta farko ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu. Babban nazarin da Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, ta fitar a 2012, wanda Ayodele Arowojolu na Jami'ar Ibadan ya jagoranta, ya tattara gwaje-gwaje 31 da suka ƙunshi mata fiye da 12,000, ya tabbatar tana rage ƙuraje. Ba ta dace da mai hawan jini ba, ko wadda ta taɓa samun daskarewar jini, ko mai shayar da jariri ɗan ƙasa da wata shida. A lura kuma: allurar wata uku da ashanar da ake sakawa a hannu sinadari ɗaya gare su, kuma suna iya ƙara wa wasu mata ƙuraje. Wadda fuskarta ta ɓaci bayan ta saka, ta faɗa wa ma'aikaciyar asibitin.

Ta biyu spironolactone, tsohon maganin hawan jini da kumburi. A 2023 mujallar BMJ ta buga gwajin SAFA da Jami'ar Southampton ta jagoranta kan mata 410. A mako 12 bambancin kaɗan ne, amma a mako 24 kashi 82 cikin ɗari na masu shan maganin sun ce fuskarsu ta gyaru, idan aka kwatanta da kashi 63 na waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a ciki. Yana da jinkiri ke nan, amma yana iya raba mace da shan kafso wata da watanni. Ba na maza ba ne, domin yana sa musu nono, ba kuma na mai ciwon ƙoda ba ne, yana kuma sa yawan fitsari. In ƙurajen sun zo da rikicewar al'ada da gashi a haɓa, sai an duba ƙwan mahaifa, man shafawa kaɗai ba zai isa ba.

Gyaɗa, nono da kurkum

Gyaɗa ta sha zargi a gidajenmu, amma binciken abinci ya fi karkata ga wasu abubuwa biyu. A 2007 an gwada samari 43 a Ostireliya na mako 12, waɗanda suka rage sukari da abincin da ke saurin ɗaga sukarin jini suka fi samun raguwar ƙuraje. A 2005 kuma Clement Adebamowo, ɗan Najeriya, ya jagoranci nazari kan mata fiye da 47,000 a Amurka, ya ga alaƙa tsakanin yawan shan madara lokacin ƙuruciya da ƙuraje. Alaƙa ce aka gani, ba a tabbatar madarar ce sanadi ba, kuma ban ga dalilin hana yaro fura da nono a kanta ba. Rage lemun kwalba da shayi mai cokali huɗu na sukari ya fi ma'ana. Zuma, kurkum da dilka suna iya sa fata laushi, sai dai ba su da hujjar gwaji irin ta magungunan da na ambata. Man gashi mai nauyi da basilin da ke gangarowa goshi kuwa suna haifar da nasu ƙurajen a bakin gashi.

Idan ƙurajen manya ne

Akwai waɗanda duk abin da ya gabata ba zai ishe su ba: masu manyan ƙulli masu ciwo da ke barin rami ko tudun tabo. Nasu isotretinoin ne. A gwajin da Gary Peck da abokan aikinsa suka buga a 1979, mutum 13 cikin 14 masu mafi munin ƙuraje sun warke sarai, aka amince da maganin a Amurka a 1982, kuma har yau babu wanda ya kama ƙafarsa. Ana shan sa wata huɗu zuwa shida ko fiye, gwargwadon nauyin jiki, kuma da yawa ba sa sake buƙatar wani magani mai ƙarfi.

Haɗarinsa ma babu kamarsa. Jaririn da aka yi cikinsa uwa tana sha, akwai yiwuwar kashi 20 zuwa 35 cikin ɗari ya zo da naƙasa a ƙwaƙwalwa, zuciya, kunne ko fuska. Amurka ta kafa tsarin iPLEDGE a 2006, inda mace ba ta karɓar maganin sai da gwajin ciki kowane wata. Ana jira wata guda bayan an gama kafin a nemi ciki, mai sha ba ya ba da jini, ba a haɗa shi da doxycycline, ana gwada hanta da kitsen jini, ana kuma lura da yanayin ransa. Leɓe kan tsage sosai, balle da hunturu. Ganin ana tallarsa a Instagram da WhatsApp ana aikowa a mota daga Legas ko Kano abin tsoro ne ƙwarai, musamman ga budurwar da aka sa wa rana.

Mai irin waɗannan ƙuraje, da wanda ya cika mako 12 yana shafa magani yadda ya kamata bai ga komai ba, da wanda abin ya hana shi shiga mutane, su je asibiti, na tarayya ko na Sir Yahaya a Birnin Kebbi, su nemi a tura su wajen likitan fata ko da sai an kai ga asibitin koyarwa na UDUTH a Sakkwato. Ramin tabo ba ya cikewa da mai, don haka jinkiri a nan asara ne. A tafi da duk abin da aka taɓa shafawa, har robar da ba ta da suna, a kuma faɗa wa likita ranar da aka fara da ranar da aka daina kowanne.